Darasi na 7: Inji yakan yi jinya kafin ya mutu

Wannan darasi na masu aiki da inji ne, ko mai injin niƙa a unguwa, ko mai injin casar shinkafa a Kura, ko ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa da Bompai. Girman injinan ya bambanta, amma ciwonsu kusan iri ɗaya ne. Ba kasafai inji ke tsayawa haka kwatsam ba. Yakan yi kwanaki yana nuna alama, mu ne ba mu kula.

Da safe, kafin ka tayar da inji, zagaya shi. Duba ƙasansa. In ka ga ɗigon baƙin mai inda ka share jiya, wani wuri yana yoyo. Zaro sandar awon mai, ka goge ta, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya kai layi? In ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada ka tayar, kira bakanike. Danna bel da yatsa. In ya saki zai riƙa zamewa yana ƙauri, in kuma ya ɗame da yawa zai cinye boris, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa. Sa sifana ka gwada notocin da suka riƙe injin a kan gindinsa, domin jijjiga tana kwance su a hankali.

Bayan ya tashi, tsaya ka saurara. Mai inji ya san muryar injinsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Boris mai lafiya ba ya damun kunne. In ya fara gurnani ko ƙugi, ko giris ya ƙare masa, ko ya fara cinyewa. Idan ka kashe injin, ya tsaya cak, kai bayan hannunka kan gidan boris ɗin. In ba ka iya barin hannun ko na ɗan lokaci saboda zafi, akwai matsala. Boris kuɗinsa kaɗan ne. In aka bar shi ya kama, sai ya tafi da sandar da yake riƙe, a rufe shago ana neman kaya a kasuwa.

Hayaƙi ma magana yake yi. Baƙin hayaƙi yana nuna injin ba ya samun isasshiyar iska, ko an ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Shuɗi yana nuna yana ƙona baƙin mai. Kuma a fitar da bututun hayaƙin waje, domin a cikinsa akwai iska mai guba, marar wari, wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Yanzu ga wurin da nake so mu fi tsayawa. Bel da ke juyawa ba ya jiran kowa. Na sha ganin yarinya ta kawo niƙa, ta sunkuya za ta ɗauki kwanonta, bakin hijabinta yana lilo dab da bel, mai injin kuma hankalinsa yana kan canji. Ƙiftawar ido ta isa. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu juyawa. Ko ba don doka ba, ragar ƙarfen da mai walda zai haɗa maka a yini ɗaya ta ishe ka. In ka cire ta don gyara, mayar da ita kafin ka tayar. Kai ma ka tuɓe babbar riga, ka sa mai ɗamewa. In za ka sa hannu a cikin inji, kashe shi tukuna. In na lantarki ne, kashe shi daga babban makunni, ka sa kwaɗo, mabuɗin yana aljihunka, kada wani ya zo ya kunna bai san kana ciki ba.

Ƙara kuwa, in sai ka ɗaga murya wanda ke kusa da kai zai ji ka, ta kai ta cutar da kunne. Masana sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Sayi abin toshe kunne, domin jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Duk wannan dubawa, in ba a rubuta ba, mantawa ake yi. Sayi littafi ɗan ƙarami, ka rataye shi nesa da mai. Kullum ka rubuta kwanan wata da abin da ka gani, kamar haka: "Litinin. Mai ya kai layi. Boris na dama ya yi zafi. Na sa giris." In bakanike ya zo ya ce, "Maigida, tun yaushe ya fara wannan kukan?" sai ka buɗe masa littafin.

Aikin gida: ka rubuta irin wannan bayani na kwana uku a jere game da injin da kake aiki da shi, ko na maƙwabcinka in ya yarda. Ka zo da littafin aji mai zuwa, za mu karanta tare.