Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen tsarin log ga manhajar gini

Duk wanda ya shiga aikin manhajar gini, wato wadda ke harhaɗa kod ya zama manhaja, irin su Maven, Gradle ko Ant, ko wata ƙarama da shi da abokansa suke rubutawa a buɗe, ba ya daɗewa sai maganar log ta taso, wato saƙonnin da manhaja ke fitarwa game da abin da take yi. Kuma kusan kullum ta baya ake faro ta: "Wanne ya fi sauri, Log4j ko Logback?" Na gaji da wannan tambaya. Mai karanta saƙon manhajar gini mutum ne zaune gaban allo, gininsa ya faɗi, yana son sanin inda ya faɗi. Saurin zubo layuka bai taɓa zama damuwarsa ba.

Kuskuren da ya fi ɓata min rai shi ne barin kowane fulogin, wato ƙarin da ake jona wa manhaja, ya shigo da injin log nasa, irin su Log4j ko Logback. Manhajar gini kamar gidan haya take, in kowane ɗan haya ya kunna janaretansa a tsakar gida ba mai jin maganar wani. A wani aiki da nake taimakawa wajen kula da shi, wani bawan Allah ya turo fulogin da Logback cuse a cikinsa, alhali manhajar tana da nata injin. SLF4J, wadda ke miƙa saƙon log daga kod zuwa inji, in ta tarar da inji fiye da ɗaya, gargaɗi take bugawa sannan ta ɗauki guda, kuma wanda za ta ɗauka ya danganta da yadda aka jera fayilolin jar, wato ƙunshin kod ɗin Java. Shi kuwa Logback in bai sami fayil ɗin saiti ba, a matakin DEBUG mai fitar da bayani dalla-dalla yake farawa, ya yi ta zuba a allo. Sai ga shi a kwamfutar wannan lafiya lau, a ta wancan saƙo kamar ruwa, umarnin yin shiru ma ya daina aiki. Koke ya yi ta shigowa, mu kuma a wajenmu ba ma ganin komai. Mun sha wahala kafin mu gano bakin zaren.

Tun daga nan ƙa'idata ɗaya ce: fulogin da laburare ba sa taɓa komai sai slf4j-api, ɓangaren SLF4J da ba ya ɗauke da inji. Inji kuwa wuri guda ake zaɓensa, a ainihin manhajar da mai amfani yake kunnawa. Maven ma haka ta yi a sigar 3.1.0 a 2013, ta ɗauki SLF4J ta ɗora slf4j-simple a ƙarƙashi, injin da ba shi da wani tarkace. Wanda yake ganin tsauri na yi, ya tuna Disambar 2021. Da ramin tsaro na Log4Shell, wato CVE-2021-44228, ya bayyana a Log4j 2, a log4j-core matsalar take, wato ainihin injin. Gyara ya yi ta fitowa a jere cikin wata guda: 2.15.0, 2.16.0, 2.17.0, 2.17.1. Wanda injinsa ke wuri ɗaya, layi ɗaya yake sauyawa duk lokacin da sabo ya fito. Wanda ya bari aka cusa shi cikin fulogin iri-iri, sai da ya bi su ɗai-ɗai yana tono, yana roƙon masu su su saki sabon siga.

Na biyu, don Allah ku daina zuba komai a DEBUG da sunan "ai ba mai gani". Akwai mai gani! Da gini ya faɗi, abin farko da ake ce wa mai koke shi ne ya sake gudu da -X a Maven ko --debug a Gradle, ya manna abin da ya fito a rahoton matsala, a bainar jama'a. Na ga mabuɗin tura fayiloli zuwa ma'ajiya ya fita tsirara ta wannan hanya, saboda wani ya buga dukan saitin muhalli a log don ya sauƙaƙa wa kansa bincike. Dole aka soke mabuɗin, aka bi duk abin da aka tura da shi ana dubawa. Gradle da kanta tana gargaɗi cewa matakin nan na iya fallasa sirri. Ni ba na karɓar kod ɗin da ke buga saitin muhalli ko bayanan saman buƙatar HTTP (header) gaba ɗaya, ko da mai shi ya rantse na ɗan lokaci ne.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka fara sabon aiki da Log4j 1, an rufe babinsa tun Agustan 2015. Duba lasisi kafin ka so abu: SLF4J na MIT ne, Log4j na Apache 2.0, Logback kuma EPL da LGPL, kuma ba kowane aiki ne zai iya rarraba kowanne ba. Kada ka rubuta tsarin log naka daga tushe, ba za ka sami lokacin kula da shi ba.

Matakan da aka saba ma ba dole su wadatar ba. Gradle ta ƙara LIFECYCLE tsakanin WARN da INFO don saƙon ci gaban gini, kuma ina ganin dabara ce mai kyau, domin mutum yana son ganin inda aka kai ba tare da an cika masa ido ba. Gargaɗi da kuskure ni stderr, mafitar kurakurai, nake tura su, abin da wata manhaja za ta karanta ya bi stdout, mafitar sakamako. Launi kuma a kashe shi in ba allon umarni ake rubutawa ba, ko in an saita NO_COLOR, in ba haka ba fayil ɗin log sai ya cika da alamomin ANSI na sa launi. In kuma ginin yana tafiyar da ayyuka da yawa a lokaci guda, sa sunan aiki a gaban kowane layi, ko ka tara saƙon kowane aiki ka fitar da shi a dunƙule bayan ya kammala.