Aikin jinya na yawo a Amurka: ki kafa gida tukuna

Ma'aikaciyar jinya ba ta daɗewa da sauka Amurka sai wani ya nuna mata tallan aikin yawo: kwantiragin mako 13 a asibitin da ke fama da ƙarancin ma'aikata, kwana uku a mako, awa 12 kowace rana, in an gama a ɗaga zuwa wata jiha. Akwai kuɗi kam. Sai dai maƙudan da ake ta ba da labari na 2020 da 2021 ne, lokacin korona, kuma farashi ya sauko tun 2022. Shawarata, 'yar'uwa, ki zauna wuri ɗaya tukuna.

Asibitin da ya ɗauki 'yar yawo ba shi da lokacin koya mata aiki. Kwana ɗaya ko biyu za a zaga da ke, a nuna miki ma'ajiyar magani da lambar buɗe ƙofa, sai a danƙa miki marasa lafiya. Shi ya sa kamfanonin dillancin ma'aikata, irin su Aya da AMN, ke neman gogewar shekara ɗaya zuwa biyu a sashe guda, ko na kulawa ta musamman, ko na gaggawa, ko ɗakin tiyata. Shekarun da kika yi a gida ba su tafi a banza ba, amma ba su koya miki Epic, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, ba, balle sunayen magunguna na nan. In kuwa wani ne ya ɗauki nauyinki da bizar EB-3, ta zaman dindindin ta hanyar aiki, koma ki karanta yarjejeniyar: galibi akwai shekarun da aka ɗaure ki da su, fita kafin wa'adi kuma tara ce mai nauyi.

Cin NCLEX, jarrabawar neman lasisin aikin jinya, lasisin jiha ɗaya yake kai ki. Amma akwai yarjejeniyar NLC ta jihohi da yankuna sama da 40: wadda mazauninta na dindindin ke Tekzas ko Fulorida na iya samun lasisi guda da zai yi mata aiki a sauran. Kalifoniya da Niyok ba sa ciki, nasu daban ake nema. Katunan BLS da ACLS, na shaidar horon ceton rai, shekara biyu suke yi, kada su mutu a hannunki.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne haraji. Adadin da dillali ke faɗa miki kashi biyu ne: kuɗin awa, wanda ake cire wa haraji, da alawus na masauki da abinci, wanda ba a cirewa. Hukumar haraji ta Amurka, IRS, ba ta yafe harajin alawus ɗin sai kina da gida na gaske da kike ci gaba da biya wa haya ko bashi, ga kuma masaukin wurin aiki a kai. Adireshin yayarki da ba ki biyan ko sisi ba ya shiga lissafi. Za ki ji ana cewa nisan mil 50 tsakanin gidanki da asibitin ya wadatar. Wannan ƙa'idar wasu asibitoci ce, ba dokar haraji ba. Aikin da ya zarce shekara a wuri ɗaya kuma ya tashi daga na wucin gadi, don haka alawus ɗinsa ba ya tsira daga haraji. Ki adana rasit, ki nemi akanta da ya san harkar.

Kafin ki sa hannu, ki ce a rubuta miki awannin da aka lamunce, da sau nawa asibiti zai iya soke miki aiki ba biya, da sassan da za a iya tura ki in an matsu, don baƙuwa ake fara turawa. Ki tambayi ranar da inshorar lafiya ke farawa da ranar da take yankewa. Hutun sallah ma a rubuta shi cikin kwantiragin tun farko. Manajan da bai san ki ba ba zai tuna alkawarin baki ba.