Yadda ake taliya da lobsta cikin miyar tumatir mai yaji, irin ta 'yan Italiyan Amurka

Uwargida in kika shiga gidan abincin 'yan Italiya a New York ko New Jersey ko Boston, da wuya ki duba takardar abincinsu baki ga wani girki wai shi lobster fra diavolo ba, kuma yawanci yana cikin masu tsadar gidan. Taliya ce da lobsta, wata halittar teku mai ɓawo dangin jatan lande amma ta fi shi girma, cikin jar miyar tumatir mai tafarnuwa da barkono. A can Italiya ba wani sananne bane sosai, girkin 'yan ci-rani ne, domin tsakanin 1880 da 1920 'yan Italiya wajen miliyan 4 suka shiga Amurka, galibinsu daga kudu wajen Napoli da Sisili, suka zo da miyar tumatirinsu sai suka tarar da lobsta mai manyan hannaye da ake kamawa a gaɓar jihar Maine ta Amurka, toh daga nan aka haɗa su a tukunya ɗaya. Har yau wasu gidajensu na yinsa a daren jajibirin Kirsimeti, daren da suke cika tebur da kayan teku kala-kala.

Abu biyu nasan zaki tambaya kafin mu kunna wuta. Na farko halaccinta, a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, Hanafiyya ne suka tsaya kan kifi kaɗai. Na biyu giya, masu wannan girkin na zuba farar giyar inabi a miyar, mu bama buƙatarta sam, ɗan tsami ake nema da ita kuma lemon tsami zai yi wannan aikin tsaf. Sai kuma wanda jikinsa baya karɓar jatan lande ko ƙaguwa, dan Allah kada a bashi ko miyar ce, domin dangi ɗaya ne kuma abin yana iya kai mutum asibiti.

Na mutum 4 zaki nemi lobsta 2 masu nauyin kamar giram 600 kowacce, in babu mai rai ki sayi jela 4 na firiza, amma ki tabbata da ɓawonsu a jiki. Sai taliya giram 400, linguine ce asali wato mai ɗan faɗin nan, sufageti ma tana yi. Tumatir gwangwani babba na giram 800 irin wanda aka ɓare aka sa shi ɗungurungum cikin ruwansa, irin tumatirin Italiya da ake kira San Marzano shine ake yabo in kin samu, in kuma ɗanye zaki yi amfani dashi ki zaɓi nunanne jajir ki tsoma a ruwan zafi ki ɓare fatar. Tumatirin leda mai kauri cokali 2, albasa ƙarama 1, tafarnuwa sala 6, busasshen barkono da aka daka sama-sama cokalin shayi 1, man zaitun cokali 4, bota cokali 2, busasshen ganyen ƙamshi oregano rabin cokalin shayi, ganyen fasli, lemon tsami 1 da gishiri.

In lobstar mai rai ce ki sa ta a firiza minti 20 ta yi sanyi jikinta ya mutu, sannan ki ɗora ta kan katako ki soka tsinin wuƙa mai kaifi a tsakiyar kanta ki tsaga zuwa gaba lokaci ɗaya. Wannan yafi jefa ta da ranta cikin tafasasshen ruwa tausayi, ƙasar Suwizalan ma ta hana hakan tun 2018. Wadda kika tarar ta riga ta mutu a kasuwa ba kan ƙanƙara ba, ko kika ji tana wani wari mai hawa hanci, ki barta ko nawa aka rage miki, naman lobsta na saurin lalacewa fiye da na kifi. Ta firiza kuma a firij zata kwana ta saki da kanta, banda ruwan zafi.

Ki murɗe jelar ki raba ta da kai, ki murɗe hannayen biyu ki ɗan fasa su da bayan wuƙa. Jelar ki tsaga ta biyu a tsaye da almakashin kicin, zaki ga wani baƙin zare a bayanta, hanji ne ki zare. A cikin kan akwai 'yar jaka bayan idanu, ki cire, ki cire soson da take numfashi dashi a gefe da gefe, sai wani koren abu mai laushi wanda shine hantarta, wasu na sonsa amma ni ina zubarwa, hukumar abinci ta Amurka ta taɓa gargaɗi akan cinsa a 2008 saboda nan ne guba ke taruwa.

Yanzu ga inda girkin yake, ki nutsu anan. Daɗin lobsta ba a tsokar yake ba kaɗai, mafi yawansa a ɓawo yake da kai, ita kuma tsokar minti kaɗan take so a wuta. Mutane da yawa sai su dafa lobstar a ruwa su zubar da ruwan su yar da ɓawon, su yanka naman su jefa cikin miya tayi ta tafasa rabin awa, ƙarshe miyar bata san da zaman lobsta ba naman kuma ya koma kamar gandar da bata dahu ba, wallahi asarar kuɗi ce kawai. Shi yasa zamu raba su, ɓawo ya daɗe a wuta, nama ya shiga a ƙarshe.

Ki ɗora tukunya mai faɗi mai kauri, ki zuba man zaitun cokali 2 yayi zafi sosai, ki goge jelolin da tsumma mai tsabta su bushe sannan ki kifa su ta gefen naman, minti 2 ki juya, ɓawon na yin ja ki kwashe. Hannayen su ɗan ƙara minti 2 ko 3 domin ɓawonsu yafi kauri. In sun huce ki ɓanɓare naman, zaki ga cikinsa bai gama dahuwa ba, haka ake so, ki yanka manya-manya ki rufe ki sa a firij. Duk ruwan da ya tsiyaya a faranti kada ki zubar, miya zai koma.

Ɓawon da kan ki sassara su ƙanana ki mayar cikin wannan tukunyar, kiyi ta soyawa kina dannawa da ludayi kamar minti 5 har man ya koma kalar ruwan lemo ƙamshi ya cika kicin, ki zuba tumatirin leda ki juya ya soyu minti 1, sai ruwa kofi 3 ki kankare abin da ya kama a gindin tukunyar domin nan ma ɗanɗano ne. Ki rage wuta ya dahu a hankali minti 25, ba romon ƙashi bane da zai kwana kan wuta, ki tace da rariya mai ƙananan ido kina matsa ɓawon sosai. Romon da zai rage bai wuce kofi ɗaya da rabi ba. In jela kaɗai kika samu romon bazai kai wannan ƙarfin ba, ki ƙara da kawunan ɗanyen jatan lande in akwai.

Ki ɗauraye tukunyar ki zuba ragowar man, albasa yankakkiya ƙanana ta yi laushi, sai tafarnuwa da barkono a wuta kaɗan minti 1 kacal, tafarnuwa in ta ƙone ɗaci zata sa wa miyar gaba ɗaya kuma babu gyara. Ki murmushe tumatirin da hannunki ki zuba, banda bilenda, ana son a riƙa cin karo da gutsattsarinsa. Ki juye romon, oregano, gishiri kaɗan, ki bari a buɗe minti 20 har ta yi kauri mai ya fara tasowa a gefe. Ki matsa rabin lemon tsami ki ɗanɗana.

Maganar yaji, nasan harshenmu ya saba da attaruhu, cokalin shayi 1 na barkono zai miki kamar ba'a sa komai ba. Ki ƙara zuwa 2 in kina so, amma ina roƙonki ki bar attaruhu a wannan miyar, ƙamshinsa ƙarfi gareshi zai danne zaƙin lobstar da kika kashe wa kuɗi. Haka yajin suya, da kori da tayim, ba gidansu bane nan. Magi ma in romonki yayi kyau zaki ga bakya nemansa.

Taliyar ki dafa cikin ruwa mai yawa da gishiri sosai, ba mai, ki tsame ta saura minti 2 akan abin da aka rubuta a ledar, ki ɗebi kofi 1 na ruwan ki ajiye kafin ki tace. Kuma kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi yadda muka saba, wannan sitacin dake jikinta shine zai riƙe miyar. Daidai lokacin da taliyar ke gab da yi sai ki zuba naman lobstar cikin miyar a wuta kaɗan, minti 2 zuwa 3, da zarar ya koma fari tas har ciki ya dahu, mai ma'aunin zafi ta duba digiri 63 na Celsius. Ki kwashe naman gefe, ki juye taliyar cikin miyar kiyi ta juyawa minti 1 ko 2 kina yayyafa ruwan taliyar in ta kame, sai bota da fasli, ki mayar da naman ki sauke. Ba'a barbaɗa cuku a kai, 'yan Italiya basa haɗa shi da kayan teku kuma a nan gaskiyarsu ne, yana rufe ɗanɗanon.

In lobsta tafi ƙarfin aljihu ko babu ita a garinku, manyan ɗanyen jatan lande masu kai da ɓawo giram 600 zasu yi miki wannan girkin sak, a can Amurka ma ana yinsa haka, sai dai romon minti 15 ya isa, naman kuma minti 2. Busasshen kirafish ɗin da muke dakawa a miya bazai maye gurbinsu ba.

Ki sa mutanen gida su zauna tun kafin ki zuba taliya a ruwa, domin girkin baya jira, in ya huce taliyar zata shanye miyar. Abin da ya rage ki tsince naman daban ki sa a firij, washegari ki ɗumama taliyar da ɗan ruwa sannan ki jefa naman ya ji ɗumi kawai, kada ya wuce kwana 2.