Ku duba ɗaki ruwa na sauka, kafin ranar kaka ta rufa wa mai gida asiri

Ƙannena da kuka iso daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni, sannunku da hanya. Kun sauka Zariya a ƙarshen damina. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a irin wannan lokaci kusan iri ɗaya ne kowace shekara: ruwa mai ƙarfi da tsawa da iska a jihohin arewa, har da Kaduna, sannan in Oktoba ta yi nisa gari ya washe, rana ta buɗe. Da yawanku kuna ganin ai damina ta wuce. A gida ne ta wuce. Zariya tana samun ruwan da ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, kusan ninki biyu na Maraɗi, kuma ruwan bankwana a nan da faɗa yake zuwa. Hadari yakan taso daga gabas, galibi bayan la'asar ko cikin dare, iska ta riga ruwan isowa, kuma ita ce mai yaye kwano.

Canjin sefa, sayen layin waya, hawa mota daga Kwangila zuwa Samaru, duk wannan ba sai an koya muku ba. Abin da ke ci mini rai shi ne maganar ɗaki.

A nan shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai, ba wata-wata kamar yadda muka saba ba. Kuɗi in ya shiga aljihun mai gida, fitowarsa sai wani ikon Allah. Amma sai ka ga yaro ya sauka da safe, dillali ya nuna masa ɗaki da sabon fenti, kafin azahar ya ƙirga kuɗin shekara ya miƙa, wai kada wani ya riga shi. Haba ƙanena! Wannan ruwan da ya rage shi ne shaidar da ba ta karɓar cin hanci. Ka je ɗakin ruwa na zuba, ko washegari da sassafe. Ɗaga kai ka dubi silin, in ka ga zane-zanen ruwan ƙasa, yoyo ne. Shafa gindin bango da hannu, in da sanyi ko fenti na ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, danshi ne ke hawowa. Shinshina: warin fumfuna ba ya ɓuya ko an turara ɗakin. Dubi dokin ƙofa, shin ya fi tsakar gida tudu? Bi kwata ka ga inda take zubarwa, ka kuma duba tazarar rijiya da salga. In gidan yana gangare wajen rafin Kubanni ko bakin wata fadama, araharsa tana da dalili. Daga nan ka zauna wurin mai shayin layin, ka sayi kofi ɗaya, ka tambaye shi inda ruwa ya kai a watan Agusta. Zai gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba.

Na taɓa zama gidan wani mutum a Samaru, dattijo mai fara'a. Duk ranar da na nuna masa inda ruwa ke ɗiga, sai ya ce, ɗana ka yi haƙuri, ba a hawa kwano cikin damina, bari ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke na koma, ya shigo ɗakin ya ɗaga kai ya ce, to ina yoyon yake? Haka muka sake shiga wata daminar da bokiti a tsakar ɗaki. Bara ma na ga irin wannan a Hayin Dogo, wani ɗalibi ɗan Damagaram, katifarsa da littattafansa duk suka jiƙe a dare ɗaya. Saboda haka in an ce za a gyara, a rubuta, a sa rana, a rubuta cewa in kai ka gyara za a cire a kuɗin haya. Ka karɓi rasit mai sunan mai gida da hannunsa, da shaidu biyu, ɗaya daga cikinmu 'yan Nijar mazauna garin nan.

Takardunku kuma, fasfo, katin allurar shawara, shaidar Bak, wato ta gama sakandare, da takardar shiga jami'a, ku sa su cikin leda biyu a ɗaure, a ajiye sama, ba ƙarƙashin katifa ba. Ku ɗauki hotonsu a waya. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, bai kamata ɗayanmu ya yi sakaci da takarda ba, kuma sake wadda ta lalace tafiya ce har gida.

In an fara walƙiya, ku zare caja da kwamfuta daga soket. Kada ku fake gindin itace, ku shiga gini. Daga walƙiya zuwa ƙarar tsawa, kowane daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ne, in kun ji su kusan tare to a kanku take. Kwalbatin da ruwa ya shafe kuwa, ko ɗan acaɓa ya rantse ya san hanyar, ku sauka ku jira.

Bayan wannan sai kaka, zafi da rana, gari a bushe, ga sabuwar masara da gyaɗa da rake. Ku fitar da katifa da tufafi ku shanya. Sai dai sauro bai san ruwa ya ɗauke ba, kududdufai suna nan, zazzaɓi na kwantar da mutane sosai a wannan tsakanin. Ku kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a gwada jini kafin a sha magani. Bargo da rigar sanyi ku saye su tun yanzu, kafin hunturu ya shigo a Nuwamba su yi tsada.

Mutanenmu a garin nan, daga ɗalibai har masu shayi da 'yan garuwa, ba mu taɓa barin ɗan uwa ya kwana a tasha ba. Akwai tabarma a ɗakin kowannenmu. Ka zo ka raɓa sati ɗaya ko biyu, ruwa ya sauka, mu je tare mu duba ɗakin, sannan ka biya.