Idan ƙaramar tarakta ta ƙi tashi bayan ta yi zafi

Salamu alaikum 'yan uwa manoman lambu. Tawa mai injin fetur ce. Da safe ja ɗaya take tashi, amma in na kashe ta da rana, sai in ja igiya har kafaɗa ta yi tsami.

Kada ku ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga injin, in injin na da zafi. Mai ne zai cika shi, fulogi ya jiƙe. Mu nan Jos muna kan tudu, wajen mita 1,200, iska ba ta da kauri, don haka fulogi na saurin yin baƙi. In ya jiƙe, a shanya shi, a ja igiya sau biyar babu shi, sannan a mayar.

Abin da ya ba ni wahala kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta. Gwajinsa sai a lokacin da injin ya ƙi tashi: cire fulogi, mayar masa da wayarsa, jingina shi da ƙarfen injin, ka ja. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake nema. Tawa babu ko ƙyalli, bayan minti 30 da ta huce sai ga wuta. Wani bakanike har kabureta ya sa na saya a banza.

Ku kuma sassauta murfin tanki. In kun ji ya ja iska, ƙofar numfashinsa ce ta toshe. Da wuta da mai amma shiru? Wataƙila bawul ne, wato ƙofar shiga da fitar iska a injin, ya matse, a kai wa mai gyara ya saita shi injin na sanyi.