Layin farashin jiya a TradingView da MT4: kurakuran da aka fi yi wajen rubuta indiketa, da yadda ake gyara su

Kwanakin baya wani ƙanena da na fara koya wa harkar foreks ya turo min hoton allonsa da daddare, EURUSD ne, wato farashin Yuro da Dala, a kan kyandir na minti 15 (kowane kyandir zanen motsin farashi ne na minti 15), yana ta murna wai "Yaya duba ka gani, indiketan da na rubuta ko sau ɗaya farashi bai taɓa tsallake layin sama ba." Indiketan nan ɗan kod ne da ya rubuta don ya zana masa layi a ƙololuwar farashin jiya da wani a ƙasansa. Na buɗe hoton na duba, wallahi kuwa haka ne, kullum farashi sai ya hau ya taɓa layin daidai kamar an auna da rula sannan ya juyo. Nan take gabana ya faɗi domin na san abin da ya faru, ni ma shi ya taɓa cinye min kuɗi lokacin da nake farawa. Layin nan ba ƙololuwar jiya yake nunawa ba, ƙololuwar ranar da kanta yake nunawa tun kafin a kai can. Wato indiketan yana leƙen gobe.

Ga abin da ya rubuta a Pine Script, yaren da ake rubuta indiketa da shi a TradingView, shafin duba zanen farashi:

request.security(syminfo.tickerid, "D", high, lookahead=barmerge.lookahead_on)

Matsalar ita ce ya kunna lookahead_on, wato izinin leƙen gaba, amma bai sa [1] bayan high (ƙololuwar farashi) ba. Da ka yi haka, a kan tsofaffin kyandirori TradingView zai ɗauko ƙololuwar ranar gaba ɗayanta ya shimfiɗa ta tun daga kyandir ɗin farko, ko da farashi bai kai wurin ba sai ƙarfe uku na yamma, kai za ka gan ta a zane tun daren da ranar ta fara. A gwajin baya, wato gwada tsarinka a kan tsohon farashi, sai ka ga riba ta tashin hankali, ka ce ai ka gano sirrin kasuwa, amma ranar da ka zuba kuɗi na gaske sai layin ya dinga matsawa sama tare da farashi saboda yanzu babu goben da zai leƙa.

Toh sai mutum ya ji an ce lookahead_on haɗari ne, ya je ya cire shi, ya bar high[1] kaɗai. Wannan shi ne kuskure na biyu kuma ya fi na farko wuyar ganewa, don layin yana fitowa tsaf babu alamar komai. Idan ba ka rubuta lookahead ba, Pine yana ɗaukar a kashe yake, haka tsarin yake tun daga siga ta 3. A kashe kuma yana nufin a tsofaffin kyandirori ba za a ba ka bayanin rana ba sai ta rufe, kai kuma ka ƙara da [1], ka ga an koma baya sau biyu kenan. Sai ya zama a tarihi layin yana nuna maka shekaranjiya kusan duk tsawon yinin, a kasuwar da ke tafiya yanzu kuma yana nuna jiya. Indiketa ɗaya, hali biyu. Akwai kuma na ukunsu, wanda bai sa [1] ba bai kuma sa lookahead ba: shi a tarihi zai ga kamar jiya ce daidai, amma a kasuwa mai rai layin ƙololuwar yau yake bi, da ka sabunta shafin sai zanen ya canja. Shi ne abin da 'yan harkar ke cewa indiketa yana ripenti.

Gyaran duka ukun abu ɗaya ne, a haɗa biyun tare, kada a raba su:

[hJiya, lJiya, cJiya] = request.security(syminfo.tickerid, "D", [high[1], low[1], close[1]], lookahead=barmerge.lookahead_on)

[1] ɗin yana cewa kyandir ɗin da ya riga ya rufe nake so, lookahead_on kuma yana cewa a ba ni shi tun daga farkon ranar yau kada a jira. Tunda jiya ta riga ta wuce babu wani leƙen gaba a ciki. Ka lura na ɗauko ukun a kira ɗaya, ya fi sauƙi kuma ya fi sauri, musamman da yake akwai iyakar adadin kiran request da sikirif ɗaya zai iya yi, 40 ne a yawancin asusu, idan ka fara ƙara na mako da na wata da na wasu kuɗaɗen nan da nan za ka cinye su.

Yanzu bari mu zo inda na fi son a tsaya a yi tunani, domin a nan ne ake yawan musu a guruf guruf, wannan ya ce layinsa ne daidai wancan ya ce nasa ne, alhali kod ɗin kowa lafiyarsa ƙalau. Wace jiya kake nufi? Mu a nan idan an ce jiya, daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare muke nufi a agogon Najeriya ko Nijar. Kasuwa ba ruwanta da wannan. Ranar foreks a yawancin dillalan da ke kan TradingView tana rufewa ne ƙarfe 5 na yamma agogon New York, wanda a wurinmu ƙarfe 10 na dare ne daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, sauran watannin kuma ƙarfe 11 na dare, saboda Amurka na canja agogonta sau biyu a shekara mu kuwa ba ma canjawa. Kirifto kuma, irin su BTCUSDT, ranarsu na farawa 00:00 a agogon UTC, wato ƙarfe 1 na dare a Kano ko Maraɗi. Hannayen jarin Amurka su kuma daga 9:30 na safe zuwa 4 na yamma agogon New York ne zaman kasuwarsu na asali, idan ka kunna ƙarin sa'o'in kafin buɗewa da bayan rufewa za ka iya ganin farashi ya wuce layinka a jiyan ka ɗauka kod ne ya lalace, ba shi ba ne, kyandir ɗin rana bai ƙirga waɗancan sa'o'in ba.

Abin da yake ruɗa mutane da yawa shi ne agogon da ke ƙasan allo ta hannun dama. Sai mutum ya je ya canja shi zuwa Lagos ya zauna yana jiran layin ya koma farawa sha biyun dare. Ba zai koma ba. Wannan agogon rubutun da kake gani kawai yake canjawa, sikirif ɗinka yana nan yana aiki da agogon kasuwar. Idan da gaske kana son ranarka ta fara a wani lokaci da ka zaɓa, misali sha biyun daren New York da wasu ke amfani da shi, to "D" ba zai yi maka ba, dole ka lissafa da kanka, ka riƙe ƙololuwa da ƙasa a var, wato ma'ajin da ba ya gogewa idan sabon kyandir ya zo, kana sabunta su kowane kyandir, ka kuma faɗa wa Pine yankin lokacin da sunansa, "America/New_York". Don Allah kada ka rubuta "UTC-5", domin ranar da suka matsa agogo a watan Maris duk layukanka za su goce da awa ɗaya kuma ba wanda zai sanar da kai.

A wannan lissafin na hannu akwai wani ɗan kuskure da na gani fiye da sau goma: sabuwar rana ta shigo, sai mutum ya fara goge ƙololuwar yau ya mayar da ita high na sabon kyandir, daga baya ya zuba ta a ta jiya. Ka zubar da ruwan tulu sannan ka zo juyewa a randa kenan. Fara ajiye hJiya := hYau, bayan nan ka ce hYau := high. Layi biyu ne kawai amma idan suka juya ba abin da zai fito daidai.

Masu MT4 da MT5, manhajojin ciniki na MetaTrader, ku ma kuna da naku. iHigh(Symbol(), PERIOD_D1, 1) shi ne kowa ke rubutawa kuma daidai ne, sai dai ranar da yake ba ka ta sabar dillalinka ce. Dillalai da yawa suna saita sabarsu a GMT+2, lokacin da Amurka ta matsa agogonta gaba GMT+3, don rana ta rufe daidai da ƙarfe 5 na New York a samu kyandir biyar a mako. Amma akwai waɗanda ke kan GMT, su kuma sai ka ga wani ɗan guntun kyandir na ranar Lahadi, na awa biyu ko uku. Ranar Litinin da safe ka buɗe allo ka ga layin sama da na ƙasa sun matse kamar za su haɗe, to guntun Lahadin nan indiketanka ya ɗauka a matsayin jiya. Maganinsa ka duba ranar kyandir ɗin, a MT4 da TimeDayOfWeek(iTime(Symbol(), PERIOD_D1, 1)), idan ya ba ka 0 Lahadi ce, sai ka matsa zuwa 2 ka ɗauko Juma'a, ko kuma ka haɗe Lahadin da Litinin idan haka tsarinka yake. Sannan idan tarihin D1, wato kyandirorin rana, bai gama saukowa ba, abin da ke yawan faruwa in netiwok na wasa, iHigh zai dawo maka da 0, layin ya faɗa can ƙasa. Ka sa sharaɗi, in 0 ne kada a zana komai a jira zagaye na gaba.

Sai batun zanen kansa. Wanda ya yi amfani da plot kai tsaye zai ga wani karkataccen layi yana haɗa matakin jiya da na yau duk lokacin da rana ta canja, allo ya zama kamar matattakala. Ka sa style=plot.style_linebr, a kyandir ɗin farko na sabuwar rana kuma ka ba shi na (kalmar Pine mai nufin babu komai), zai yanke tsaf. Don gane sabuwar rana timeframe.change("D") ya fi, saboda tsohon salon nan na if ta.change(time("D")) da ke cike a intanet yana aiki a siga ta 5 amma a ta 6 da ta fito ƙarshen 2024 zai ba ka jan rubutu, tunda an daina yarda lamba ta tsaya a madadin eh ko a'a. Haka wanda ya kwafo kod mai study() da security() tsirara ya liƙa a ƙarƙashin //@version=5, tun 2021 aka mayar da su indicator() da request.security(). Kuma idan layukanka sun fito a wani akwati daban can ƙasan allo, overlay=true ka manta.

Wanda kuma ya zaɓi line.new, yawanci yana kiransa ne a kowane kyandir, sai ya wayi gari layukan kwanakin baya duk sun ɓace. Pine kusan layi 50 na ƙarshe kawai yake riƙewa idan ba ka ce komai ba, za ka iya ɗaga shi zuwa 500 da max_lines_count, amma ni a ganina wannan rufe ciwo ne kawai. Ka ƙirƙiri layin sau ɗaya idan rana ta shigo, ka ajiye shi a var, sauran kyandirorin ka dinga jan ƙarshensa da line.set_x2.

Abu biyu da ba kasafai ake tunawa da su ba. Idan allonka a kan Heikin Ashi yake, wani salon zana kyandir, syminfo.tickerid zai kawo maka farashin Heikin Ashi ne, wanda lissafin matsakaici ne, farashin rufewarsa ba shi ne ainihin inda kasuwa ta rufe ba, sai ka yi amfani da ticker.standard(syminfo.tickerid). Na biyu, idan aka buɗe indiketan a kan kyandir na mako ko na wata layin jiya ba shi da wata ma'ana, ka ɗaure zanen da timeframe.isintraday ya ɓoye kansa.

Shi ƙanen nawa abin da na sa shi ya yi bayan gyara, kuma shi nake yi da kowane indiketa kafin in yarda da shi: ya koma kyandir na rana, ya ɗora linzami a kan na jiya, ya rubuta lambobin H da L da C (ƙololuwa, ƙasa da farashin rufewa) a takarda, ya dawo minti 15 ya gwada da layukansa har lamba ta biyar bayan ɗigo. Ya maimaita a kan wata Litinin, da kuma mako na biyu na Maris bayan canjin agogo. Sannan ya bar allon a buɗe na awa biyu kasuwa na tafiya, ya ɗauki hoto, ya sabunta shafin ya sake ɗauka. Washegari da hantsi ya turo min hotunan biyu, layukan suna nan inda suke ba su motsa ba, sai dai a sabon zanen farashi ya fasa layin sama sau biyu a mako guda, ya rubuto a ƙasa, "Yaya ashe dai yana tsallakewa."