Darasi na 9: Itace ko Gawayi a Murhun da Ke Ciyar da Kansa

Mai tsire da mai balangu sun san wahalar tsaron wuta. Ka ɗan juya baya ta mutu, ka ƙara mata itace ta tashi ta babbake nama. A Amurka, inda ake gasa naman ƙirjin shanu a hankali har awa 10 ko 12, an ƙera wani murhu da ya rage wannan wahala. Kamfanoni irin su Masterbuilt suna sayar da shi.

Ga yadda yake. Akwai akwatin ƙarfe inda ake jera nama a kan raga. A gefensa akwai wani dogon rumbu a tsaye, da murfi a samansa. Shi ake cikawa da abin ƙonawa. Wuta a gindin rumbun kawai take ci. In na ƙasa ya cinye, toka ta zube cikin tire, na sama ya gangaro da nauyinsa ya maye gurbi. Zafi da hayaƙi kuma su bi ta wata kafa su isa wurin nama.

To, me za a zuba a rumbun? Gawayi. Mutane da yawa suna cewa ai itace ya fi araha, ya kuma fi ba nama ƙamshi. Gaskiya ne, amma a nan bai dace ba.

Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne. Ko busasshe ma yana riƙe da ruwa wajen kashi 20 cikin 100, ga ƙaro da maiƙo. Gawayi kuwa an riga an turara shi a rufe, kusan duk waɗannan sun fita. Shi ya sa kilo ɗaya na gawayi yake ba da zafi kusan ninki biyu na kilo ɗaya na itace.

Ku duba abin da zai faru in an cika rumbu da itace. Na sama ba ya samun iska, amma zafi yana dukansa daga ƙasa. Sai ya yi ta gumi, yana fitar da farin hayaƙi mai kauri. Hayaƙin nan ya daskare a jikin ƙarfe ya zama baƙin kwalta mai danƙo. Ya sauka a kan nama, ka kai baki ka ji ɗaci har maƙogwaro. In kuma ka ɗaga murfi iska ta shiga, hayaƙin da ya taru yana iya kamawa bal, ya lashe maka gira. Sannan itace ba ya gangarowa sumul. Guda biyu sai su gitta su maƙale, wuta ta mutu a ƙasa alhali rumbu cike yake.

Gawayi ma yakan maƙale in manya sun yi yawa. Ku baje shi a ƙasa kafin ku zuba. Wanda ya fi dunƙulen hannu ku fasa shi. Garin kuma ku tankaɗe ku ware, don yana toshe hanyar iska. Mai nauyi ya fi daɗewa, irin na ƙirya da maƙera ke so, ko na marke.

Itace fa, an yi watsi da shi ke nan? A'a. Aikinsa ƙamshi ne, kamar yaji a tsire. Ku sami busassun guntaye biyu ko uku ku sa a tiren toka. Garwashi zai riƙa faɗowa a kansu, suna ci kaɗan-kaɗan. Amurkawa sukan yi amfani da itacen hikori, wata bishiya ta ƙasarsu, da na tuffa. Mu muna da mangwaro. Kada a kuskura a sa katako mai fenti ko falanki, ko itacen da ke zubar da farin ruwa kamar nono. Hayaƙi mai kyau siriri ne, shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa.

Zafin da ake nema digiri 110 zuwa 120 ne a ma'aunin Salshiyas. A murhu mai ƙofar iska, da ita ake saita shi: a buɗe ta zafi ya hau, a rage ta ya sauka. Murfin rumbu kuwa dole ya rufu ruf, in ba haka ba wuta za ta haura ta cinye gawayin gaba ɗaya. A fili ake kunna wannan murhu. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba marar wari, tana kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Aikin gida: ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku: gawayi, hayaƙi, garwashi, murfi. Sannan ku tambayi mai gasa nama na unguwarku wane itace yake so, ku rubuto amsarsa a jimla biyu.